Asusu Ɗaya Don Dukan Kwamiti? Ni Dai Ban Yarda Ba

Karatu: Nehemiya 2:11-18, Farawa 9:20-27



A taron kwamitin shirye-shirye na ranar Asabar da ta wuce an kawo wata shawara wadda kusan kowa ya gyaɗa mata kai. Shawarar ita ce mu buɗe asusun Google guda ɗaya da sunan zumunta, kowane ɗan kwamiti ya shiga da shi a wayarsa, ya bar Chrome yana haɗa tarihin bincikenmu wuri ɗaya. Ta haka duk shafin da ɗayanmu ya buɗe sauran za su gani. In wanda ke makaranta a Jos ya nemo abu da safe, wanda ke gida zai tarar da shi da yamma, ba sai an aiko masa ba. Ɗan'uwan da ya kawo shawarar da zuciya ɗaya ya kawo ta, na kuma san abin da ya dame shi. Duk da haka na ɗaga hannu na ce ban yarda ba. Lokaci ya ƙure, mawaƙa suna jiran ɗakin don gwajin waƙa, ban samu na faɗi dalilina yadda ya kamata ba. Shi ya sa na zauna na rubuta, tun da maganar ta shafi duk wanda ke aiki tare da wasu ta waya.

Bari in fara da inda nake tare da shi. Kun tuna Makon Matasa na bara, da aka ba mu bakwai aikin tattara tarihin shigowar bishara ƙasar Arewa. Mun rabu ranar Lahadi kowa da alkawarin zai yi bincike. Da muka sake haɗuwa ranar Laraba, sai ga shi mutum uku bidiyo ɗaya suka kalla, mai tsawon kusan awa guda, kowa da datarsa. Tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, duk wanda ke sayen data da kuɗin aljihunsa ya san wannan ba ƙaramar asara ba ce. Ga kuma ɓangaren Garkida, inda mishanonin da suka kafa EYN suka fara a 1923, babu wanda ya taɓa shi, don kowa ya ɗauka wani ya yi.

Abin da ya fi haka ma ya faru. Wani ɗan'uwa ya rubuta a takardarsa cewa SIM ta fara aiki a Wase a 1904. Wata 'yar'uwa ta ce sam, a 1893 ne Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka a Legas, biyu daga cikinsu kuma suka rasu a shekarar da ta biyo baya. Muka shafe kusan rabin awa ana gardama, kowa na cewa "a intanet na gani." Sai wani ya yi tambayar da ya kamata a yi tun farko: a wane shafi ka gani? Ɗan'uwan ya ciro wayarsa, ya duba tarihin bincikensa, ya gano shafin, ya miƙo mana. Ashe labarin SUM yake karantawa, wato mishan ɗin Karl Kumm da ya isa Wase a 1904. Harafi ɗaya ne ya ruɗe shi. Da ba mu ga inda ya samo ba, da mun tsaya gaban iyayenmu da dattawan ikkilisiya mun haɗa tarihin ECWA da na COCIN mun dama kamar fura.

Saboda haka bukatar gaskiya ce, ba mu muka fara jin ta ba. A 2007 wasu masu bincike biyu na kamfanin Microsoft, Meredith Morris da Eric Horvitz, sun ƙera wata manhaja mai suna SearchTogether, inda mutanen da ke neman abu ɗaya suke ganin kalmomin da kowa ya nema, da shafukan da ya buɗe, da ra'ayinsa a kansu. Shekara ɗaya bayan haka Morris da Saleema Amershi suka fito da CoSearch, don mutanen da suka taru a kan kwamfuta ɗaya, kamar yadda muke taruwa a kan ta ofishin ikkilisiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, a gona ko a intanet. Amma ku riƙe abu ɗaya game da SearchTogether, don zan dawo kansa: zama ake buɗewa na wani aiki takamaimai, a gayyaci waɗanda aikin ya shafa, abin da aka nema a cikin zaman shi ake gani. Ku kuma tuna yadda muka warware gardamar Wase. Mai waya ne ya buɗe wayarsa da hannunsa, ya nuna mana shafi ɗaya, ya mayar da ita aljihu.

Yanzu ga dalilin da ya sa na ɗaga hannu. Na taɓa kawo irin wannan shawarar da bakina, aka kuma karɓa.

Lokacin ina karatu a wani gari, ni ne sakataren zumuntar matasa a ikkilisiyar da nake zuwa. Mu shida ne a kwamiti. Muka buɗe asusu ɗaya, kowa ya shiga, abin ya yi mana daɗi har wajen wata biyu. Abin da ban yi tunaninsa ba shi ne, mutum ba ya tuna wane asusu ne a kunne sa'ad da ya farka da tsakar dare da damuwa a ransa. Waya kawai yake ɗauka ya rubuta tambayarsa.

Wata ranar Alhamis da yamma muna shirin nazarin Littafi Mai Tsarki, na haɗa kwamfutar cinya da majigi, allon yana bango kowa na gani. Ban da 'yan kwamiti akwai wasu matasa wajen goma da suka zo jera kujeru. Na danna wurin bincike, na buga harafin farko na Ayyukan Manzanni. Kun san yadda Google yake yi, yakan jero maka abubuwan da aka taɓa nema da wannan asusun. Suka sauko a bango da manyan haruffa. Ko mai AS zai iya auren mai AS. A ƙarƙashinsa, kuɗin gwajin jinin jariri tun yana ciki. A ƙarƙashin wannan kuma, yadda za ka gaya wa iyayenka an fasa aure.

Babu suna a jikin ko ɗaya. Amma mutum ɗaya ce a kwamitin aka sa wa rana, saura wata uku. Ɗakin ya yi tsit. Na yi ta lalube in rufe, hannuna na rawa, kafin in cire wayar majigin kowa ya riga ya karanta. Ita kuwa ba ta ce komai ba, ta ɗauki jakarta ta fita.

Wanda bai san nauyin wannan magana ba, ga shi. In miji da mata duka AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan yaran da ake haifa da wannan ciwo, shi ya sa ikkilisiyoyi da yawa suke neman takardar gwaji kafin ɗaurin aure. Su biyun kwana huɗu ke nan da karɓar sakamakonsu. Ba su gaya wa kowa ba, suna addu'a, suna shirin zuwa wurin Baba Fasto ranar Asabar. Cikin masu jera kujeru akwai ɗan ƙanwar mahaifiyar saurayin. Kafin Asabar ɗin labari ya isa gidajen biyu, kowane gida da irin sigar da ya ji. Ranar Lahadi ya zagaya ikkilisiya ta hanyar da muka fi ƙwarewa a kai, wato "mu sa 'yar'uwarmu a addu'a." Ku yi mini gafara, amma gulma da yawa a cikinmu da rigar addu'a take yawo.

Ko an yi auren ko ba a yi ba, ba nawa ba ne in faɗa. Na nemi izininta kafin in rubuta wannan, ta ce in rubuta in dai zai hana a yi wa wata haka. Abin da zan iya faɗa shi ne, shawara mafi nauyi a rayuwarta an fizge ta daga hannunta an kai tsakar gida, ni kuma na gina hanyar da aka bi. Babu wanda ya yi leƙen asiri, babu mugu a ɗakin. Tsarin ya yi daidai abin da muka kafa shi ya yi.

Wani zai ce ai kuskure ne, a yi hankali kawai. To manyan kamfanoni masu injiniyoyi da lauyoyi ma sun faɗa wannan ramin. A watan Agustan 2006 kamfanin AOL na Amurka ya saki bayanan bincike kusan miliyan 20 na mutane sama da 650,000, na tsawon wata uku, wai don masu nazari su amfana. Sun cire sunaye sun sa lambobi, suna ganin sun rufa wa kowa asiri. Cikin 'yan kwanaki 'yan jaridar New York Times suka bi tambayoyin lamba ɗaya, sunayen unguwa da na dangi da cututtukan da aka nema, har suka ƙwanƙwasa ƙofar wata gwauruwa mai shekara 62 a jihar Jojiya. Ita ce kuwa. In an iya tsamo mutum ɗaya cikin 650,000, a kwamitin mutum bakwai da suka san juna tun Makarantar Lahadi ba a bukatar ɗan jarida.

Facebook ma ya gwada a Nuwamban 2007 da wani tsari mai suna Beacon, wanda ke sanar da abokanka abin da ka yi a wasu shafuka, har da sayayya. Wani mutum ya sayi zobe zai ba matarsa kyautar bazata ta Kirsimeti, Facebook ya riga shi shelantawa, matar na cikin waɗanda suka gani. Mark Zuckerberg ya fito ya ba da haƙuri a Disamban shekarar, a 2009 aka rufe tsarin bayan ƙara a kotu da sulhun dala miliyan 9.5. Wancan zobe ne kawai, abin farin ciki. Abin da ke cikin wayoyinmu ya fi zobe nauyi.

Amma na san amsar da ta fi ƙarfi a tsakaninmu ba ta fasaha ba ce. Na ji ta ranar Asabar daga bayan ɗaki: "In mutum yana tafiya cikin haske, me zai ɓoye?" Wannan tambaya ta cancanci a zauna mata, domin daga wasiƙar Yohanna ta fari aka ɗauko tunanin, ba kuwa wasa ba ne. An kira mu mu bar rayuwar fuska biyu. Wanda ke jagorantar sujada ranar Lahadi yana kuma kwana a shafukan batsa ko na caca sauran mako, yana cikin haɗari, ba zan shafa wa wannan mai ba.

Sai dai mu duba abin da ke bangon nan ranar Alhamis. Wane zunubi ne a ciki? Babu ko ɗaya. Tsoro ne, da baƙin ciki, da neman sani. Mafi yawan abin da mutum ba ya so a gani a wayarsa irin wannan ne: wata alama da ya gani a jikinsa, bashin da ya yi masa katutu, neman aiki a wani gari tun bai gaya wa maigidansa ba, sakamakon jarrabawar da bai ci ba, wata tambaya game da bangaskiya da yake jin kunyar yi a gaban jama'a. Hausawa suka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ɓoye zunubi daban, rufin asiri daban, Littafi Mai Tsarki kuwa ya san bambancin.

Ku koma karatunmu na farko. Nehemiya ya iso Urushalima da babban aiki a zuciyarsa, aikin da ba zai yiwu ba sai da hannun kowa. Duk da haka ya yi kwana uku, sa'an nan ya fita da dare da mutane kaɗan, ya zagaya yana duba rusasshen garun, bai kuwa gaya wa shugabanni ko firistoci inda ya je ba. Sai da ya gama dubawa, ya san abin da zai faɗa, ya tara su ya shimfiɗa musu komai. Bayan haka ne muke ganin sura ta 3, inda aka jera sunan kowa da ɓangaren da yake ginawa, wane kusa da wane, kowa ya san inda ɗan'uwansa ya tsaya. Ga aikin gayya na sosai, ga kuma mutumin da ya yi bincikensa shi kaɗai da dare, babu wanda ya ce masa munafuki.

Nikodimu ma da dare ya zo wurin Yesu da tambayoyinsa. Malami ne, ɗan majalisa, yana da abin da zai rasa in an gan shi. Ubangiji bai kore shi ya ce ya dawo da rana a gaban shaidu ba, ya amsa masa. Daga baya muka ga mutumin nan a fili, yana kawo kayan ƙanshi don jana'izar Yesu a ranar da yawancin almajirai suka watse. Matasanmu da yawa tambayoyinsu na dare a Google suke fara yinsu. Na fi so su zo wurin Baba Fasto ko wani babba cikin bangaskiya, amma in muka sa majigi a kan tambayar tun tana jaririya, ba za su zo ba har abada.

Sai kuma 'ya'yan Nuhu. A nan ma akwai laifi na gaske, tsohon ya sha ya bugu ya kwanta tsirara a alfarwarsa. Ɗaya ya gani ya fita ya baza. Biyu suka ɗauki mayafi suka shiga da baya-baya suka rufe mahaifinsu, suka ƙi kallo. Kun san waɗanda aka sa wa albarka. Ko a inda akwai zunubi, tsarin da Yesu ya ba mu a Matiyu 18 daga mutum biyu yake farawa, kai da shi kaɗai, sai in ya ƙi ji a ƙara ɗaya ko biyu, ikkilisiya ce matakin ƙarshe. Asusu ɗaya na kwamiti yana juya wannan tsari kai a ƙasa. Jama'a ce ke fara gani.

To masu fama da jaraba fa, waɗanda da kansu suke so a sa musu ido? Akwai su, wasu sun same ni a keɓe. Akwai ma manhajojin da aka yi don wannan, fitacciyar cikinsu ita ce Covenant Eyes, wadda aka kafa a jihar Michigan a shekarar 2000. Tana lura da abin da ke allon wayarka ta aika rahoto ga mutumin da ka zaɓa. Ba na raina wannan. Mutumin da caca ta cinye masa kuɗin makaranta, in ya ce wa amininsa "riƙe ni," ya yi abin da Yakubu 5 ya koya mana game da furta laifi ga juna. Amma ku ji abin da ya biyo baya da abin ya tashi daga hannun amini ya koma hannun shugaba. A Satumban 2022 mujallar Wired ta wallafa binciken yadda a wasu ikkilisiyoyin Amurka shugabanni suke sa matasa su ɗora irin waɗannan manhajoji, rahoton yana zuwa wa shugaban, yana kiran mutum ya yi bayanin abin da ya nema. Bayan binciken Google ya dakatar da Covenant Eyes da Accountable2You daga Play Store. Kayan aiki ɗaya ne, abin da ya canja shi ne wa ya zaɓa, wa kuma ke kallon wa.

John Wesley ya fahimci wannan tun babu wayar hannu. A 1738 ya tsara dokokin ƙananan ƙungiyoyi na mutane kaɗan, maza daban mata daban, masu haɗuwa kowane mako su faɗa wa juna inda suka faɗi da inda aka jarabce su. Tambayoyinsu sun fi duk wata manhaja kaifi. Amma kafin a karɓe ka sai an tambaye ka ko kana so a riƙa faɗa maka laifinka, wanda ke jagorantar zaman kuma shi ke fara faɗin halin da ransa ke ciki. Da baki mutum yake faɗa, yana kallon fuskar waɗanda suka faɗi nasu. In muna son irin wannan a zumuntarmu ina goyon baya ɗari bisa ɗari, mu kawo shi da sunansa mu tattauna. Kada mu shigo da shi ta taga da sunan sauƙaƙa aikin kwamiti, inda ƙaramar cikinmu mai shekara 16 ba za ta iya kallon shugaba ta ce "ni ba na so" ba.

Tun da na ambaci shekaru, akwai doka ma. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2023, ta sa bayanan lafiya da na addini cikin waɗanda ake yi wa kariya ta musamman, ta kuma nemi amincewar iyaye kafin a tattara bayanan yaro. Ga kuma satar waya, wadda kowa a nan ya san wanda aka yi wa. In asusu ɗaya ne, waya ɗaya in ta ɓata a tasha ta tafi da tarihin mutum bakwai.

Ko a ajiye duk wannan, tsarin ba ya ma yin aikin da ake so. A wata biyun da muka yi da shi a can, tarihin ya cika da sakamakon ƙwallo, farashin waya, waƙoƙi, girke-girke. Shafukan aikinmu sun nutse a ciki, babu mai haƙurin tona su. In ka tono ɗaya ma, tarihi ba ya gaya maka ko ɗan'uwanka ya karanta ya gamsu, ko ya leƙa ya ga shirme ne ya fita. Bayan abin da ya faru kuwa kowa ya koma Incognito ko wayar ƙaninsa, tarihin namu ya zama wurin nuna tsarki, daga wa'azi sai waƙar yabo. Muka rasa sirrin, muka rasa haɗin kan.

Ga abin da nake roƙon kwamiti ya duba a maimakon haka. Wasu masu bincike a jami'ar MIT sun taɓa yin wata manhaja mai suna Eyebrowse don raba tarihin bincike da jama'a, ginshiƙinta kuwa shi ne kai ne kake zaɓar shafukan da za a gani, sauran duk a rufe suke. Ba mu bukatar manhajar, ƙa'idar muke bukata, za mu iya bin ta da abin da ke hannunmu. Kowane aiki a buɗe masa takarda ɗaya a Google Docs, kowa ya shiga da asusun kansa. Kafin a watse a rubuta a sama wa ke neman me, kamar yadda aka raba garun Urushalima. In ka samo abu, ka liƙa adireshin shafin, ka ƙara layi biyu: me ke ciki, ka yarda da shi ko kana shakka. Wanda datarsa ba ta kai ba ya jefa a guruf ɗin WhatsApp na aikin, sakatare ya kwashe, tun da WhatsApp yana tara adireshin shafukan da aka aiko wuri ɗaya a cikin bayanan guruf.

Abu ɗaya nake so mu dage a kansa, don shi ne kowa ke mantawa: a rubuta abin da aka nema ba a samu ba. "Na nemi hoton majami'ar farko a wuri uku, babu." "Wannan bidiyon awa ɗaya ne, minti biyar na ƙarshe kawai ke da amfani." Irin wannan layin ne zai ceci datar mutum uku, ba kuwa za ka taɓa samunsa a tarihin Chrome ba, sai mutum ya faɗa da bakinsa.

Kwamfutar ofis kuma, duk mai amfani da ita ya shiga a matsayin baƙo, Chrome yana da wannan, in ka rufe ba ya ajiye inda ka je. Asusun zumunta ya zauna don wasiƙu da ajiye takardu, mutum biyu su riƙe kalmar sirrinsa, kada kowa ya yi binciken kansa da shi. Duk wanda zai haɗa majigi ya buɗe abin da zai nuna tukuna kafin ya haska bango. Masu son karatun Littafi Mai Tsarki tare, YouVersion tana da tsarin karatu da abokai, kuna ganin wanda ya karanta na yau da abin da ya rubuta a kai, ba ta kuwa nuna muku sauran wayarsa.

Na yarda wannan hanya ta fi wahala. Wasu za su yi kasala, wasu shafuka masu amfani za su ɓace don wani ya manta bai liƙa ba, sakatare zai riƙa bin mutane yana tuni. Ɗan'uwan da ya kawo shawarar asusu ɗaya yana da gaskiya a nan, tasa ba ta bukatar kowa ya tuna komai. Ni dai na auna asarar shafi goma da abin da na gani a fuskar mutum ɗaya, na san wanda zan iya ɗauka.

Mako biyu bayan abin, na je gidansu 'yar'uwar nan da yamma. Mahaifiyarta ta shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida, ta ba mu wuri. Na fara jero bayani, yadda Google yake ajiye bincike, yadda ban san zai fito ba. Ta bari na gama, sa'an nan ta ce, "Yaya, na san ba da gangan ka yi ba, na kuma yafe maka. Amma da ni ce na gaya wa Mama da bakina." Har na gama karatu na bar garin ba ta ƙara shiga wani kwamiti ba, takan zo sujada ta zauna a layin baya kusa da ƙofa.

Za a sake ɗauko maganar a taron Asabar mai zuwa da ƙarfe 4, bayan addu'ar buɗewa. Taron a buɗe yake ga kowa, ba 'yan kwamiti kaɗai ba. Ku zo da wayoyinku. Wanda ya taɓa shiga asusunsa a kwamfutar ofis ko a wayar wani bai fita ba, zan tsaya bayan taro in nuna masa yadda ake dubawa da yadda ake fita.